Ranar da Motar Makau Ta Ƙi Shan Kwana

A tashar Bukkuyum, a shekarun da wayar hannu ba ta iso ba, babu direban da ya kai Makau yawan magana, babu kuma motar da ta kai tasa yawan kwana a daji. Tsohuwar akori-kura ce, wadda ainihin launinta sai wanda ya santa tun tana sabuwa. Injinta lafiya lau. Ciwonta guda ne: shaf ɗin baya, wato ƙarafan nan biyu da ke juya tayoyin baya. Da an cika ta da lodi ta faɗa rami, sai ka ji ƙas! Inji ya yi ta kururuwa, ita kuwa tana tsaye kamar dasa ta aka yi.

Makau bai taɓa yarda cewa lodinsa ne ya yi yawa ba.

"Waɗanda sunka ƙera motag ga ba su san hanyar Gwashi ba," in ji shi. "Da sun tambaye ni, da na hwaɗa musu."

Motar ma ba tasa ba ce. Innarsa ce ta sayar da shanunta ta saya masa, don ya bar zaman gindin bishiya.

Wata rana ya ɗauko Dija daga Gwashi. Dija ita ce babbar matan da ke cin kasuwa da daddawa da man gyaɗa, kuma duk motar da ta shiga, ita sauran mata ke bi. Suna tsakiyar hanya aka ji ƙas ɗin da aka saba. A amalanken shanu suka ƙaraso gari, Dija na bisa kayanta tana faɗa, Makau na biye a ƙasa da guntun ƙarfe a kafaɗa. Ba ta wuce gida ba, sai da ta biya ta amayar wa Inna duk abin da ke cikinta.

Inna ta kira shi tsakar gida.

"Makau, ka ji ni da kyau. In ƙarhen ga ya sake karyewa, makulli na hannun ƙanenka Abdulwahabu. Kai kuma ga gona can tana jiranka."

"Inna, in ya sake karyewa ki canza mani suna."

"Sunan ba shi da laihi. Mai shi na ad da gyara."

Da safe Makau ya hau bencin mai shayi a tasha ya yi shela. Ya ce zai tafi Anka ya yi wa motarsa gyaran da ba a taɓa yi wa mota ba tun da aka fara mota. In ya dawo, ko raƙumi aka ɗora mata da mai raƙumin, ba za ta ce uffan ba.

Kamilu, wanda ke jan wata akori-kurar kuma ya daɗe yana zawarcin lodin su Dija, ya ajiye kofinsa.

"Wane bakanike za ka kai ma?"

"Bakanike? Su ad da hannu, ni ad da kai. Mai walda kawai nika so."

"To Allah shi kai ka lahiya. Dawowar ta ad da wuya."

Aka ɗaure motar a bayan wata babbar mota, aka ja ta zuwa Anka. Makau na zaune a sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ke jan babbar.

A Anka ya sauka wurin Namadi mai walda. Namadi gwani ne, amma gwanin gadajen amare da ƙofofin gidaje. Bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba. Sai dai Makau na buɗe baki ya kira shi Injiniya, shi ke nan Namadi ya ba da kai.

Suka sayo sabon shaf suka sa. Motar na kan jak, tayoyin baya a sama, sai Makau ya murza taya ɗaya da hannu. Ɗayar ta juya ta koma baya. Ya sake murzawa, ta sake yin baya. Ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

"Injiniya! Taho ka ga munahunci! Wagga na gaba, waccan na baya. Ashe dut shekarun ga hwaɗa suka yi ƙarƙashina ban sani ba!"

Namadi ya leƙa, ya riƙe baki.

"La ilaha illallahu. Kuma uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ina ƙarhe ba shi karyewa? Buɗe mani tulun ga na tsakiya."

Suka buɗe ƙullutun da ke tsakanin tayoyin, suka tarar da haƙoran ƙarfe manya da ƙanana suna juya juna.

"Ga masu kai gulmar nan," in ji Makau. "Liƙe su. Dut. Daga yau abin da ta dama tac ce, shi ta hagu ka yi."

Namadi ya liƙe su har suka zama dunƙule guda. Daga nan abin ya shiga kansu su biyun. Makau ya hango bututun rijiyar burtsatse a jingine, ya sa aka tsaga shi aka rufe gindin motar da shi. Ya ga sifirin wata matacciyar roka, irin babbar motar kayan nan, ya ce a ƙara a kan nata. Namadi ya kawo ƙarfen garmar shanu ya ce ai zai yi kyau a nan. Da ya ga wuri ya rage, hannunsa ya ƙi haƙuri, ya lanƙwasa rodi ya yi furanni biyu da tauraro a tsakiya, irin na kan gadon amarya.

Da aka sauke ta daga jak, bayan motar ya tashi sama, hancinta ya duƙa ƙasa, kamar akuya na shan ruwa a kwari. Masu wucewa suka tsaya.

"Gado na ko mota?" wani ya tambaya.

"Jahilci dai ba shi da daɗi," in ji Makau, ya shiga ya tayar.

Daga Anka hanya miƙaƙƙiya ce, mota ta yi ta gudu, Makau na waƙa yana dukan ƙofa. Sai ga mararrabar da ake karyawa a nufi Bukkuyum. Ya murza sitiyari. Tayoyin gaba suka juya. Tayoyin baya, da yake yanzu bakinsu ɗaya, suka ce ba su san zancen ba. Mota ta yi ƙiii, ta yi tsalle-tsalle kamar kwaɗo, ta wuce mararraba ta miƙe. Ya dawo da baya, ya sake gwadawa, ta sake wucewa. Masu sayar da rake a bakin hanya suka bar rakensu suka zo kallo.

"Direba, halan Gummi za ka?"

"Gwaji nika yi. Ku kama mani bayanta mu ɗan karkata ta."

Suka taru suka ciccibi gindin motar, da nishi da salati, suka juya ta ta fuskanci Bukkuyum.

"Wagga wace irin mota ta, sai an juya ta kamar gawa?"

"Sabon takalmi ma sai ya ciji ƙahwa kahin ya saba," in ji Makau, ya ba ta wuta.

Ya shigo gari da la'asar yana ta oda, mutane na fitowa suna nuna furannin. Lungun gidansu kuwa sai an karya hagu. Makau ya karya. Motar ba ta karya ba. Ta bi ta cikin dangar maƙwabcinsu Malam Nafi'u, ta ɗauki zana guda a goshi, ta ratsa turken awaki, ta tsaya hancinta a jikin rumbu. Awaki suka watse cikin gari. Malam Nafi'u, wanda ke alwala a gefen rumbun, ya tsaya da buta a hannu da ƙafa ɗaya a wanke.

"Salamu alaikum," in ji Makau ta taga.

"Makau, ƙohwar gidana na can gabas. Ko ba ka gane ta ba?"

"Malam, ka duba ka gani. Danga tak kwanta, turke yat tuge, amma ka ji ƙas? Ka ji ko ƙas ɗaya?"

Matar Makau, Maiturare, ta leƙo ta inda danga take a da.

"Maigida, in ka gama gaisawa da rumbun mutane, tuwo na hucewa."

Aka sasanta a kan Makau zai gyara danga, kuma zai kai wa Malam Nafi'u injin niƙansa Gummi wurin gyara ranar kasuwa. Inna ta zagaya motar da sandarta, ta ƙwanƙwasa tauraron.

A tasha Makau ya bayyana wa jama'a sirrin. Ya ce motar ba ta shan kwana ne don ba ta da lodi. Ƙarfinta ya yi mata yawa, kamar ingarman da ya daɗe a turke. A danne ta da kaya, a ga ladabi.

"Ranar kasuwar Gummi," in ji shi, "abin da Kamilu ka ɗauka sawu biyu, ni sawu guda za ni kai shi."

"Na ji na yarda," in ji Kamilu. "Ni za ni riga ka isa in share maka wuri. Har direbobin Gummi za ni tara su tarbe ka."

Ranar kasuwa tun hantsi aka fara lodi. Injin niƙa ya fara shiga. Buhunan dawa suka bi. Dija ta zo ta tsaya tana kallon furannin, tana taɓe baki.

"Gwaggo Dija, hau. Yau ko kwai kinka ɗauko ba ya motsi."

"Ɗan nan, in ka sake zubar da ni daji, da haƙorana za ni cire maka kunne."

Ta hau da kwandunan daddawa da galan-galan na man gyaɗa, matanta suka bi ta da tukwane da kaji. Ana shirin ɗaure igiya sai ga wani Bafillace, Abdullahi, ya jawo bijimi zai kai kara, wato kasuwar shanu, yana neman babbar mota. Makau ya tare shi.

"Babbar mota ta mi? Ga ta gabanka."

Abdullahi ya dubi motar, ya dubi bijiminsa.

"Shi wanga bai son wargi fa."

"Ita ma haka."

Aka kafa katako, aka tura bijimi da ƙyar ya hau, ya tsaya tsakanin buhuna yana kallon tasha ta sama. Da yake bayan motar ya fi gabanta tudu, duk wanda ya zauna sai ya zame ya dunguri na gabansa, har mata suka taru a jikin gilashin baya kamar an share su da tsintsiya. Can sai ga Inna da lulluɓinta da sandarta. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna.

"Inna, ina za ki?"

"Shanuna za ni bi in ga inda za a kai su."

Suka tashi. Motar ta ɗauki kayan nan ko gezau. Ta faɗa rami ta fito, ta faɗa wani ta fito, ba ƙas ba ƙis. Makau ya fara kumbura.

"Inna, kin ji wani abu?"

"Na ji haƙorana na haɗuwa."

Don kuwa sifirin roka ba ya lanƙwasa wa kowa. Kowane rami sai mata su tashi sama su dawo tare da kaji, bijimi ya yi gurnani, Dija ta ambaci kakannin Makau ɗaya bayan ɗaya.

A mararraba masu rake na hango ta suka fara dariya, suna naɗe hannun riga. Makau ya murza sitiyari da yaƙinin cewa lodi ya koya mata hankali. Ta yi ƙiii, ta nufi cikin gonar wani. Ya taka birki. Aka gwada ciccibar ta, ko motsi. Dole aka sauke mata, aka sauke kaji, aka sauke buhuna, aka roƙi bijimi ya sauka, aka juya mota, sannan aka mayar da kowa mazauninsa. Bijimin ne ya fi kowa jan rai wajen komawa. Rana ta take, gumi ya jiƙa kowa.

"In munka isa Gummi ma haka za a yi?" Dija ta ƙwala daga baya. "A sauke mu gaban jama'a kamar kayan gwanjo?"

Wannan magana ta tsaya wa Makau a rai. Ƙofar tashar Gummi kwana ce mai kaifi, kuma can Kamilu ke jira da mutanensa. Can ya bugi sitiyari.

"Na gano ta! Inna, lallashinta nika yi, shi ya sa taka raina ni. Kwana da gudu aka shan ta. Kahin tayoyin baya su yi shawara, an wuce wurin."

"Makau."

"Na'am, Inna."

"Ka sauke ni."

"Mun iso ai."

Kamilu ya cika alkawari. Direbobi, 'yan kamasho, masu shayi, masu dako, har da waɗanda suka baro rumfunansu, duk sun yi layi a bakin tasha. Suna hango mota mai furanni da bijimi a bisa kamar liman a mumbari, sai sowa ta tashi. Makau ya fito da hannu ɗaya yana gaisuwa, ya danna oda, ya taka totur har ƙasa.

Daidai ƙofar tasha ya naɗe sitiyari gaba ɗaya.

Gaban mota ya ce tasha. Gindin mota ya ce kasuwa. Aka ɗan ja, aka yi ƙara kamar ana yanka ƙarfe da rai, sai kusoshin da ke riƙe da gindin a jikin mota suka ce su kam sun gaji. Fau! Fau! Gangar jikin ta karya kwana tsaf, karo na farko tun dawowarta daga Anka, ta shige tasha tana jan ciki a ƙasa, tana tartsatsin wuta. Tayoyin baya biyu kuwa, da bututunsu da furanninsu da tauraronsu, suka fice daga ƙarƙashinta suka miƙe cikin kasuwa su kaɗai, kai a haɗe.

"Ku kauce! Ku kauce! Gado ya ɓalle!"

Masu tumatir suka yi tsalle. Wani wanzami ya bar mutum da rabin kai ya haye tebur. Mai tallan maganin gargajiya da lasifika, wanda ke cikin rantsuwa cewa ƙarfe ba ya kama shi, shi ya riga kowa hawa bishiya. Tayoyin suka bi layin 'yan gishiri, suka ratsa na masu tabarmi, suka je suka tsaya a hankali inda ake ɗaure jakuna, jakunan suka zagaye su suna shinshina.

A tasha kuwa, da bayan mota ya dira ƙasa, duk abin da ya taru a gaba sai ya zame ya yi baya. Buhuna suka fara sauka, mata suka sauka a kan buhuna, tukwane suka sauka a kan ƙasa, kowace da irin kukanta. Galan ya fashe, man gyaɗa ya malala. Kamilu ya rugo yana dariya zai yi magana, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin daddawa. Injin niƙan Malam Nafi'u ya gangaro ya kwanta a gefe. Bijimi ya tako a natse, ya sauka kamar daga matakalar gidansu, ya nufi kara da kansa, Abdullahi na bin sa yana kiran sunansa.

Aka duba, babu wanda ya ji ciwo, sai ɗankwalin Dija da wata kaza ta tafi da shi.

Makau ya fito. Bai dubi mota ba, bai dubi Dija da ke nannaɗe zane tana nufo shi ba. Ya ruga cikin kasuwa. Jim kaɗan sai ga shi ya turo tayoyin, yaran kasuwa da manyansu na biye, ya tsayar da su tsakiyar tasha. Ya durƙusa ya shafa ƙarfen daga wannan taya zuwa waccan, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Sannan ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a ku shaida! Bai karye ba! Wallahi bai karye ba! Ko tsagewa bai yi ba!"

Tasha ta kece. Wani direba ya kwanta a kan bonet yana dukan ƙarfe, hawaye na zuba.

Inna na nan zaune a gidan gaba, hancin motar ya ɗaga sama, tana kallon rassan bishiya ta gilashi. Makau ya zo taga yana haki.

"Inna, kin gani da idonki. Cewa kinka yi in ya karye. Bai karye ba."

"Awo, na gani." Ta miƙa hannu ta zare makulli, ta ƙulle shi a bakin zanenta. "Shi ƙarhen da bai karye ba, naka na, ka riƙe abinka. Ita motar da tak karye, tawa ta. Buɗe mani ƙohwa."

Ya buɗe. Ta sauka ta ratsa man gyaɗa da sandarta ba ta zame ba, ta je ta tsaya kan Kamilu.

"Tashi, ɗana, ka wanke wandonka. Kai za ka maishe mu gida."

Dija ta iso ta kama kunnen Makau, ta ja shi ya tsince daddawa ɗaya bayan ɗaya, tana lissafa masa tukwanen da zai je ya yi wa masu su bayani. Yana tsinta yana waige, don ya lura da wani direban roka, baƙo daga Zuru, ya tsuguna yana kallon tauraron Namadi yana girgiza kai.

Dija na sakin kunnen, Makau ya goge hannu a riga ya matsa kusa da shi.

"Ka ga aiki ko? Kusoshi na kawai sunka ci amana, su ma na san maganinsu, liƙe su za a yi. Waccan rokar taka ta?"

"Tawa ce."

"Tun ɗazu nika kallon gindinta. Tayoyin bayanka ba su shiri da juna, ni na gani. Ka ba ni ita kwana biyu."

Mutumin ya miƙe a hankali, ya ja da baya, ya haye rokarsa ya tayar. Ko lodin da ya zo ɗauka bai tsaya ba, ya fice daga tasha, ya sha kwanar nan lafiya lau, Makau na bin sa da gudu yana kira:

"Tsaya mana! Kai ba sai na sa maka hure ba!"